Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Abin da Talakan Dutsin-Ma da Kurfi Ke Nema a Wurin Gwamnati

A farkon watan Agusta na 2024, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke a garuruwan Arewa, gwamnatin Katsina ta sanya dokar hana fita ta awa 24 a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma. Wasu masu sharhi sun ce fushin nan na mutanen da suka saba da zaman jiran gwamnati ne, an janye musu cokali daga baki shi ya sa suka yi kuka. Mai wannan magana bai san ƙasar ba. Bakatsine ya iya kasuwa tun zamanin da ayarin raƙuma ke ratso Sahara su sauke kaya a birnin Katsina. Manomin Kurfi da ke kai gero ko akuya kasuwa riba yake nema, matan da ke zuba adashi a cikin gida kuwa jari suke tarawa. Abin da talaka ya tsana a tsarin jari-hujja shi ne kashin dankali, inda babba ke danne ƙarami, hukumar da ya kamata ta shiga tsakani kuma ta naɗe hannu.

Madatsar ruwa ta Zobe ta isa hujja. An kammala ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan kogin Karaduwa, domin noman rani da ruwan sha. Babu attajirin da zai zuba dukiyarsa a aiki irin wannan, domin ribarsa ba ta komawa aljihu ɗaya, warwatsuwa take yi a gonakin dubban mutane. Aikin gwamnati ne tsantsa. Amma ruwan ya kwanta shekara da shekaru ba tare da an shimfiɗa isassun hanyoyin ban ruwa ba, sai a 2021, bayan shekara 38, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe. A tsawon wannan jira, samarin yankin kan tafi cirani da zarar an gama girbi, ga ruwa kwance a bayan gari. Yau kuma ɓarayin daji sun hana manoma da yawa a Kurfi da Safana da Batsari isa gonakinsu na nesa, kuɗin da za a sayi taki da iri ya koma kuɗin fansa. Kasuwa ba ta ci inda hanya ba ta da tsaro.

Masu goyon bayan cire tallafin man fetur, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, suna da magana mai nauyi. Sun ce manyan dillalai ne ke cinye tallafin, wani man kuma fasa-ƙwaurinsa ake yi zuwa Nijar da sauran maƙwabta. Haka ne, duk wanda ya san kan iyaka ya shaida. Sai dai litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma mai injin ban ruwa da ɗan acaɓa da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su ne suka fara ji a jikinsu. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru bayan cire tallafin. Talaka na da haƙƙin ya ga wannan ƙari a asibitin garinsu da ajin ɗansa, tunda daga aljihunsa aka zaro shi.

Wasu kuma cewa suke rabon kuɗi yana koya wa mutane lalaci. Naira 5,000 a wata da gwamnatin Buhari ta riƙa bai wa gidaje marasa ƙarfi, ko rancen 10,000 na TraderMoni, ba su kai su sa wani ya jingine fartanya ba. Kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya: gwauruwa mai marayu da wanda aka koro daga ƙauyensu ba za su iya jiran a haƙa magudanar Zobe ba. Al'ummar da ta tashi da zakka da gayya da ciyayya ba ta ƙyamar a taimaki mai rauni. Ƙorafin jama'a yana kan yadda ake rubuta sunaye, inda mai uwa a gindin murhu ke shiga sahun gaba. Dakatar da ministar jinƙai Betta Edu a Janairun 2024, bisa zargin karkatar da kuɗin tallafin marasa ƙarfi, ya ƙara zurfafa wannan rashin yarda.

Saboda haka a karanta sunayen masu cin tallafi a bainar jama'a, mazaɓa mazaɓa, gaban mai unguwa da liman da matan gari, kowa ya ji wanda aka saka da dalilin saka shi. Kaso mafi tsoka kuma ya tafi ga tsaron hanyar gona da kai ruwan Zobe cikin fadamu. Ranar da manomin Kurfi zai kwana a gonarsa ba fargaba, ya fitar da tumatir da albasa a tsakiyar rani, shi da kansa zai ciyar da maƙwabcinsa.