Jahun a Matsayin Sunan Mutum

Duk wanda ya duba rajistar makaranta ko jerin sunayen ma'aikata a Dutse zai tarar da mutane da dama waɗanda sunansu na ƙarshe na gari ne, kamar Jahun da Kiyawa da Gwaram, ko Birnin Kudu, wanda da shi aka san Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko a Jigawa, da ya hau mulki a 1992. Malaman Larabci suna kiran wannan nisba, wato jingina mutum ga garinsu ko ƙabilarsa, kamar yadda aka ce Albuhari saboda Buhara, aka ce Alƙurɗubi saboda Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wadda take cikin Sifaniya a yau.

A da Bahaushe yakan ce wane mutumin Jahun ne, ko ya ambaci Jahunawa idan Fulanin wurin yake nufi. Liƙa sunan garin tsurarsa a bayan sunan yanka ya yaɗu ne da zuwan makarantar boko, inda malami zai sami Muhammadu huɗu a aji guda, ga shi kuma yaro yana jin nauyin furta sunan mahaifinsa, sai a rubuta garin da ya fito a huta. Saboda haka sunan baƙunta ne, ba ya aiki sai mutum ya bar gida, domin a cikin Jahun kanta kowa ɗan Jahun ne, sai dai a bambance shi da unguwa ko sana'a ko laƙabi.

Sifaniyawa sun riga sun bi wannan hanya. Sunan Medina, wanda ya samo asali daga kalmar Larabci madina, ma'ana birni, gado ne na zamanin mulkin Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492, kuma da farko yana nuna wanda ya fito daga gari irin Medina del Campo ko Medina Sidonia. Daga baya ya daskare ya zama sunan zuri'a, ya tsallaka teku zuwa Meziko da Kolombiya, har mai ɗauke da shi bai san garin ba, balle ya san Larabci ne a bakinsa.

Abin da ya ɗauki ƙarnoni a can, takardu suna gaggauta shi a nan. Katin ɗan ƙasa da lambar BVN da fasfo duk suna neman sunan iyali wanda ba ya canzawa, don haka yaron da aka haifa a Abuja yakan gaji Jahun daga takardun mahaifinsa, ko da kuwa sai da sallah ake kai shi garin.