Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Awon Tsadar Rayuwa da Samun Aiki Kafin Ƙaura Zuwa Agadas

Gabatarwa

Garin Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, yana zaune ne a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Hanyar da ta fita daga garin ta yi arewa takan bi ta Magarya zuwa Damagaram, daga can ta ratsa Tanut, ta yi tafiyar kimanin kilomita 450 kafin ta isa Agadas, babban birnin ƙasar Azbin. Samari da magidanta na wannan yanki sun daɗe suna jin labarin arzikin da ake samu a can, har wasu sukan yi tunanin sayar da gona, ko ajiye aikin gwamnati, ko barin karatu, su kwashe iyali su koma. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ya kamata mai irin wannan niyya ya auna al'amarin kafin ya ɗaura kaya. Jigon bayanin kuwa ɗaya ne: ribar ƙaura tana ga abin da ya rage a hannun mutum bayan ya biya bukatunsa, da kuma tsawon lokacin da aikin da ya dogara da shi zai ɗore. Wanda ya dubi yawan kuɗin da ake biya kurum, ya yi rabin lissafi ke nan.

Tsohuwar Dangantaka

Zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Azbin ta girmi iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20. Ayarin raƙuman Buzaye yakan ɗauki gero daga kudu ya kai Bilma da Faci, ya dawo da gishiri da dabino, kuma fataken Kano da Katsina da Daura sun san masaukai a Agadas tun kafin Bature Heinrich Barth ya ziyarci birnin a 1850. Hausa ita ce harshen kasuwa a Agadas, saboda haka mutumin Babban Mutum ba ya bukatar tafinta idan ya sauka a tasha. Wannan sauƙi yakan ruɗi baƙo, ya ɗauka gida ya zo, alhali akwai wani darasi a cikin tarihin ayarin nan da bai kamata a manta ba. Tun fil azal birnin hamada daga nesa ake ciyar da shi. Geron da ake ci a Agadas daga Damargu da Damagaram da ƙasashen kudu yake zuwa, kuma abin da raƙumi yake yi a da shi babbar mota take yi a yanzu.

Tsadar Rayuwa

Abu na farko da za a auna shi ne abinci. Ruwan saman da yake sauka a Agadas a yawancin shekaru bai kai milimita 200 ba, wanda ba ya isar noman gero. Gaskiya ne akwai lambuna a kwaruruwan duwatsun Azbin, kamar Timiya da Tabelot, inda ake samun albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da lemo, amma hatsi da mai da sukari da yawancin kayan masarufi sai an yi dakonsu na ɗaruruwan kilomita, daga kudu ko daga Aljeriya da Libiya. Kowace tiya tana ɗauke da kuɗin mota da na shingayen hanya. Magidanci a Babban Mutum yana da rumbu, ko da ƙarami ne, kuma matarsa tana da 'yan awaki da kaji, ga kuka da kuɓewa da yakuwa a bayan gida. Waɗannan duka ba ya lissafa su a matsayin kuɗi, domin bai saba sayensu ba. Ranar da ya koma Agadas, kowane ɗaya daga cikinsu zai zama abin cefane.

Na biyu shi ne muhalli da ruwa da makamashi. Wanda yake zaune a gidan gado zai koma biyan haya wata-wata, a birnin da ƙidayar 2012 ta nuna mutanensa sun haura dubu ɗari, kuma baƙi suka ci gaba da kwarara cikinsa bayan haka. A bazara zafi yakan wuce digiri 40, famfo yakan ɗauke a unguwanni, sai a koma sayen ruwa a jarka. A watannin Disamba da Janairu kuma sanyin dare yana bukatar bargo da wuta, ga shi itace da gawayi ba su da araha a ƙasar da bishiya ta yi ƙaranci.

Na uku shi ne canjin kuɗi, wanda wuƙa ce mai kaifi biyu. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, wato yuro ɗaya a kan sefa 655.957, ita kuwa naira an sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, har dalar Amurka da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Sakamakon haka, sefar da aka aiko gida takan yi auki idan an mayar da ita naira, kuma wannan ne yake sa labarin masu dawowa ya yi daɗin ji. Amma mai tafiya da jarin naira zai ga ya tsuke tun a wurin 'yan canji, kuma wanda yake zaune a Agadas da iyalinsa da sefa yake cefane, ba ya cin moriyar bambancin. Daɗin daɗawa, a kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, ta yadda "dala ashirin" take nufin sefa 100. Baƙon da bai riƙe wannan ba yakan yi kuskure a ciniki da kuma wajen yanke lada.

Samun Aiki

Idan aka koma ga ayyuka, za a tarar tattalin arzikin Agadas da kewayenta ya dogara ne a kan 'yan ginshiƙai kaɗan, kuma tarihin shekaru hamsin da suka wuce ya nuna kowannensu yana iya faɗuwa cikin ɗan lokaci.

Ginshiƙi na farko shi ne yuraniyam. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, a 1971, COMINAK kuma ya biyo baya a 1978. Sun samar da albashi mai kyau ga waɗanda suka ɗauka, amma COMINAK ya rufe a watan Maris na 2021 saboda ƙarewar ma'adinin, ɗaruruwan ma'aikata da 'yan kwangila suka rasa abin yi. A 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa bayan saɓani da kamfanin Orano na Faransa.

Na biyu shi ne yawon buɗe ido. Turawa sun kasance suna zuwa ganin hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27 da aka gina da ƙasa, da duwatsun Azbin da rairayin Tenere, wanda ya rayar da direbobi da maƙeran farfaru da dukawa da masu masauki. Tawayen 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikatan ƙasashen waje a Arlit a 2010 suka durƙusar da wannan sana'a, kuma shigar da tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta yi a 2013 bai dawo da baƙin kamar da ba.

Na uku shi ne zinariya, wadda aka gano a Jado da Cibarakaten a 2014. Dubban mutane suka ruga, har daga arewacin Nijeriya da Cadi da Sudan. Wasu sun samu, da yawa sun dawo da bashin guzuri, sannan a 2017 gwamnati ta rufe wurin haƙar Jado. Haƙar zinariya sa'a ce, mai iyali ba ya iya gina lissafin wata a kanta.

Na huɗu shi ne jigilar matafiya zuwa Libiya da Aljeriya. A watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure, aka fara zartar da ita sosai a 2016, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, masu abinci da masu gidajen kwana suka rasa ciniki. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Haka nan sansanin sojan saman Amurka da ke Agadas, wanda ya ɗauki 'yan gari aiki, sojojin sun fice daga cikinsa a watan Agusta na 2024.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan canje-canje an yanke hukuncinsu ne a Yamai ko Paris ko Brussels ko Washington, inda lebura a Agadas ba shi da ta cewa. Ayyukan da suka fi jure irin wannan girgiza su ne sana'o'in hannu da kowane gari yake bukata, irin su gini, kanikanci, walda, ɗinki, fawa, gyaran waya da fataucin hatsi. Mai takardar makaranta kuwa yana da wata matsala ta daban. Ko da yake kundin mulkin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, tsarin makarantu da ofisoshin Nijar a kan Faransanci aka gina shi, kuma aikin gwamnati na 'yan ƙasa ne. Ma'aikacin da ya ajiye aikinsa a Katsina zai yanke shekarun hidimarsa da ƙarin girman da yake jira, ya tafi inda takardunsa ba su da nauyin da suke da shi a gida.

Iyaka da Hanya

Mutanen Babban Mutum sun fi kowa sanin cewa iyaka ƙofa ce da ake iya rufewa dare ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 ta buɗe. A ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, ko da yake a lokacin ɓangarorin biyu sun sanar da barin jama'a su ci gaba da shige da fice ba tare da biza ba. Wanda sana'arsa ta dogara da kawo kaya daga Kano, ko wanda iyayensa suke jiran aike, dole ya sa rufewar iyaka cikin lissafinsa.

Akwai kuma haɗarin wucewa gaba. Sau da yawa wanda bai samu abin yi a Agadas ba kunyar dawowa hannu rabbana takan tura shi Tamanrasat ko Sabha. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, maƙwabtan Daura na kurkusa. Waɗanda suka tsallaka Aljeriya ba takardu kuma akan kwaso su a zube a bakin iyaka, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Asamaka.

Ma'aunin da Ya Kamata a Bi

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da matakai biyar. Da farko mutum ya rubuta abin da yake samu a gida a shekara, har da hatsin gonarsa da hayar da ba ya biya, a kan farashin kasuwa. Na biyu, ya nemi farashin haya da tiyar gero da jarkar ruwa da kuɗin makaranta da na magani daga bakin mazauna Agadas fiye da ɗaya, ya guji dogara da labarin wanda ya zo hutun salla da sabon babur. Na uku, ya tambayi kansa a kan wane ginshiƙi aikin da aka yi masa alkawari yake tsaye, kuma me zai ci idan ya faɗi. Na huɗu, ya ware kuɗin zaman wata uku ba aiki da kuɗin motar dawowa, waɗanda ba zai taɓa su ba. Na biyar, ya tafi shi kaɗai a matsayin ɗan ci-rani bayan an kawar da amfanin gona, ya ga bazara da idonsa, sannan ya yanke shawarar ɗauko iyali.

Kammalawa

Wannan bayani bai hana kowa tafiya ba, domin akwai Hausawan Nijeriya da suka zauna a Agadas da sana'arsu suka yi rufin asiri, kuma tafiya mabuɗin ilmi ce. Abin da tarihi ya nuna shi ne tsarin ci-rani na kakanni yana da hikima, domin ya bar gona da rumbu da zumunci a matsayin madogara, ya sa neman kuɗin waje ya zama ƙari a kansu. Gonar da aka sayar domin guzuri ba ta dawowa idan an rufe ramin haƙa ko an canja doka. Saboda haka ɗalibi ko ma'aikaci ko manomin da zuciyarsa ta karkata arewa ya fara da takarda da alƙalami, ya cire abin da zai kashe daga abin da zai samu, ya kwatanta ragowar da abin da yake hannunsa a Babban Mutum, sannan ya nufi tasha idan lissafin ya ba shi dama.