Kafin ka sayar da shanunka don tafiya Folan, san garuruwanta tukuna



Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna zaune a rumfar babana a kara, an gama sauke tirela ke nan, sai wani abokina ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo min. Wai wani ejan ne ya ba shi, za a kai shi aiki ƙasar Folan, wadda a jikin takardar aka rubuta Poland. Har ya sa dillali ya fara yi wa bijimai huɗun da ya gada kuɗi.

Na ce masa, "Wane gari za ka?" Ya ce, "Folan mana." Na ce, "Malam, Folan ƙasa ce fa. In wani ya ce zai kawo ka Najeriya, ba za ka tambaye shi Legas ko Gaidam ba?" Sai ya yi shiru.

Yayana shekara uku ke nan yana aiki a wani kamfanin sarrafa nama a can. Daga hirar da muke yi da shi, da hotunan da yake turo min duk inda ya je hutu, da abin da na bi na karanta da kaina, na ga ya kamata in zayyana wa jama'a manyan garuruwan ƙasar. Mai niyyar yawon buɗe ido zai amfana, mai neman aiki ko karatu shi ma zai san abin da zai tambaya.

Ita ƙasar kanta

Folan tana tsakiyar Turai. Jamus na yamma da ita, Yukren da Belarus na gabas, tekun Baltik na arewa, duwatsu na kudu. Girmanta kamar kashi ɗaya cikin uku na Najeriya ne, mutanenta kuma wajen miliyan 37 zuwa 38. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004, amma ba ta amfani da yuro, kuɗinta zuloti ne. Duk wanda ya lissafa maka albashi da yuro, ka ce ya faɗa maka da zuloti.

Abu ɗaya da zai sa ka gane garuruwan nan shi ne tarihinsu. A 1795 Rasha da Furushiya da Ostiriya suka gama raba ƙasar tsakaninsu, ta ɓace daga taswira har shekara 123, sai a 1918 ta dawo. Daga nan Yaƙin Duniya na Biyu ya sake ragargaza ta. Kusan kowane gari ka shiga, akwai tabon wannan a jikinsa.

Warso, babban birni

Nan gwamnati take, nan babban filin jirgin sama yake, mutanensa sun kai miliyan 1.8. Kogin Bistula ya ratsa shi. A ranar 1 ga Agusta 1944 mutanen garin suka yi wa sojojin Hitila bore, aka shafe kwana 63 ana gwabzawa. Da aka murƙushe su, Jamusawa suka bi garin gida-gida suna rusawa, har kimanin kashi 85 cikin 100 ya zama kufai. Bayan yaƙi, mutanen suka ɗauko tsofaffin zane-zanen garin, suna dubawa suna mayar da tsohuwar unguwar yadda take. Yau in ka gan ta sai ka rantse ta shekara ɗari huɗu a tsaye. Har yanzu duk 1 ga Agusta da ƙarfe biyar na yamma ana kaɗa jiniya, mota da mai tafiya a ƙasa kowa ya tsaya cik.

Abin da ya ba ni mamaki, a cikin masu wannan bore har da haifaffen Legas, August Agboola Browne, makaɗi ne da ya je ƙasar a 1922, sunansa na yaƙi kuma Ali. A 2019 aka kafa dutsen tunawa da shi a garin.

A tsakiyar birnin akwai dogon benen da Tarayyar Sobiyet ta gina musu a 1955, tsawonsa mita 237, ana hawa a kalli garin gaba ɗaya. Akwai masallatai, akwai shagunan naman halal. Sai dai kuɗin haya a nan ya fi na ko'ina zafi.

Kurakof, tsohuwar fada

A rubuce Kraków ne. Nan sarakunansu suka zauna kafin a mayar da fada Warso a wajen 1596, kuma yaƙi bai rusa shi ba, shi ya sa baƙi suka fi tururuwa nan. Daga Warso tafiyar awa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa mai sauri. Fadar sarakunan, Wawel, tana kan tudu a bakin kogi. Dandalin kasuwar garin an shata shi tun 1257, kowace kusurwa wajen mita 200, ga tsohuwar rumfar 'yan yadi a tsakiya har yau ana ciniki a cikinta. Jami'ar garin tun 1364 take. Duk awa ɗaya wani mutum na busa begila daga hasumiyar coci, sai ya katse busar ba ta ƙare ba. Labarin da suke bayarwa, wai wani mai gadi ne aka harba da kibiya a maƙogwaro yana cikin busar gargaɗi.

Wurare biyu ne kusa da Kurakof da ba a tsallakewa. Na farko mahaƙar gishiri ta Wieliczka. Mu da muka saba ganin kantun gishiri a gaban shanu, can gishirin ne aka fafe aka yi ɗakuna da matakala da gumaka a ƙarƙashin ƙasa. Tun ƙarni na 13 ake haƙa, sai a 1996 aka daina, zurfinta ya kai mita 327. Na biyu sansanin Auschwitz, wajen kilomita 70 yamma da garin, inda 'yan Nazi suka kashe mutum kimanin miliyan 1.1, yawancinsu Yahudawa. An bar takalma da akwatunan mutanen a yadda aka same su. Yayana ya ce ranar da ya je bai iya cin abinci ba.

Zakofane, garin duwatsu da makiyaya

Kilomita ɗari kudu da Kurakof, a gindin duwatsun Tatra, inda dutse mafi tsawo a ƙasar yake, mita 2,499. Da hunturu ana zuwa wasan sulu a kan ƙanƙara, da bazara ana hawan dutse. Ni abin da ya burge ni makiyayan wurin ne. In sanyi ya wuce sai su haɗa tumakin gari su hau da su duwatsu, in kaka ta yi su sauko, ana kiɗa ana tarbarsu. Wanda ya san tafiyar mashekari zai gane abin nan take. Da nonon tumakin suke yin wani cuku mai gishiri da ake bangarawa da hayaƙi, ana sayarwa a bakin titi.

Gidansk, bakin teku

A rubuce Gdańsk. Tashar jiragen ruwa ce tun da daɗewa, in ka so ka ce Apapa ɗinsu. A nan aka harba harsashin farko-farko na Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 1 ga Satumba 1939. A nan kuma, a 1980, ma'aikatan ƙera jiragen ruwa suka shiga yajin aiki ƙarƙashin wani mai gyaran wutar lantarki, Lech Wałęsa. Ƙungiyar da suka kafa ita ta yi sanadin faɗuwar mulkin kwaminisanci a 1989, shi kuma ya zama shugaban ƙasa a 1990. Garin ya shahara da wani irin ƙaron itace da ya daskare shekaru aru-aru ya zama kamar dutse mai ruwan zuma, ana sarƙa da carbi da shi. Akwai masallaci mai hasumiya da aka kammala a 1990. Ba nisa kuma akwai ganuwar Malbork, katafaren gini na jan bulo da babu irinsa girma.

Garuruwan aiki: Foznan, Burosuwaf da Wuj

Waɗannan ukun ne sunayensu suka fi fitowa a takardun aiki, saboda masana'antu da manyan ɗakunan ajiyar kaya da ke kewaye da su.

Foznan, a rubuce Poznań, tana kan hanyar Warso zuwa Balin, garin 'yan kasuwa ne, tun 1921 ake bajekoli a cikinsa. Kusa da nan yayana yake. Kullum sha biyun rana, wasu bunsuraye biyu na ƙarfe suna fitowa daga agogon tsohon zauren gari su yi karo sau goma sha biyu, jama'a a taru ana kallo. Da ya turo min bidiyon na nuna wa babana, ya ce ashe Turawa ma suna da lokacin ɓatawa.

Burosuwaf kuwa Wrocław ake rubutawa. Kafin 1945 garin Jamus ne. Bayan yaƙi aka matsar da iyaka, aka kwashe Jamusawan, aka zubo 'yan Folan, da yawansu daga yankin gabas da su ma aka ƙwace musu. Wato kusan kowa a garin jikan baƙo ne. Yana kan kogin Oda, gadojinsa sun haura ɗari, kuma garin ɗalibai ne.

Na ukun shi ne mai rikita baƙo. A rubuce Łódź, amma "Wuj" ake faɗa, in ka ce Lodiz a tashar jirgi ba lallai a gane ka ba. Garin masaƙu ne da ya bunƙasa a ƙarni na 19, masaƙun suka durƙushe bayan 1989, kamar dai yadda ta faru da Kakuri a Kaduna. Su sai suka mayar da tsofaffin gine-ginen kantuna da gidajen tarihi. Daga wannan gari ne John Godson, haifaffen Umuahia, ya shiga majalisar dokokin ƙasar a 2010, baƙar fata na farko da ya zauna a cikinta.

Gabas: ɓauna, masallatan katako da iyaka

A arewa maso gabas, wajen garin Białystok, akwai dajin Białowieża, ragowar tsohon kurmin Turai. A ciki ɓaunar Turai take, babban namiji kan haura kilo 800. A 1919 aka kashe ta ƙarshe a dajin, aka yi ta kiwon 'yan kaɗan da suka rage a gidajen namun daji, aka sake su cikin dajin daga 1952.

A yankin ne kuma ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki suke, na Musulmi 'yan ƙabilar Tatar. Kakanninsu mahaya doki ne da suka yi wa sarakunan ƙasar aikin soja, a 1679 Sarki Jan Sobieski ya ba su filaye a madadin albashin da suke bi. Masallatansu na katako suna nan, maƙabartunsu suna nan, ana zuwa daga garuruwa a yi Sallar Layya tare. Yarensu na asali ya ɓace tuni, sun koma yaren Folan, amma addinin ya tsaya. Duk mai 'ya'ya a Sabo ko Agege da Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, ya san abin da na ji da na karanta wannan.

Amma ga gargaɗi. Wannan daji shi ne iyaka da Belarus. Tun 2021 masu safarar mutane ke turo baƙi ta nan, mutane sun mutu a ciki saboda sanyi da fadama. A 2022 Folan ta gina shingen ƙarfe mai tsayin mita 5.5, na tsawon wajen kilomita 186. Duk ejan da ya ce maka za ka fara sauka a Rasha ko Belarus sannan a tsallakar da kai, to ranka yake wasa da shi.

Abubuwan da za ka riƙe

Ofishin jakadancin Folan yana Abuja. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba ka damar aiki. Takardar izinin aiki ta gaskiya tana ɗauke da sunan kamfanin da zai ɗauke ka da irin aikin, don haka wanda ya kasa faɗa maka sunan gari da na kamfani ba abin da yake riƙe da shi.

Sanyi ba wasa ba ne. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, a Yuni kuma yini kan wuce awa 16, ka lissafa azumi da lokutan salla a haka. Naman alade ya cika abincinsu, ka haddace kalmar wieprzowina, in ka gan ta a jikin leda ka ajiye. Wołowina shi ne naman shanu. Matasa a manyan garuruwa suna jin Turanci, amma a ƙauye da cikin masana'anta yarensu ne kawai. Kuma yayana bai ɓoye min ba, akwai masu kirki sosai, akwai kuma masu yi wa baƙar fata kallon banza a cikin bas.

Abokin nawa dai a gabana ya kira ejan ɗin, ya ce a faɗa masa sunan garin da sunan kamfanin. Mutumin ya ce yana tuƙi, zai kira shi anjima. Yau kwana biyar ke nan. Bijiman huɗu suna nan a kara suna cin dusa, babana ya ce a bar su zuwa Babbar Salla.

Allah ya sa mu dace, ya tsare matafiyanmu duk inda suke.