An yi wa mota juye amma fitilar sabis ba ta mutu ba: yadda ake kashe ta ba tare da na'ura ba

A garejin Batsari ko na Safana, an saba ganin mai mota ya biya kuɗin baƙin mai da filta, ya tada mota, sai ga rubutun MAINT REQD yana nan a dashbod kamar ba a taɓa komai ba. Wani ya zargi bakanike da zuba masa jabun mai, wani kuma ya ɗauki hanyar Katsina ko Dutsin-Ma neman mai kwamfuta. Alhali a yawancin motocin da ke yawo a ƙasar Ruma, aikin bai kai na minti ɗaya ba.

Wannan fitila ba ta san an canza mai ba. A Toyota 'yar Amurka, irin su Corolla, Sienna da Camry da ake kira Muscle, tafiya kawai take ƙirgawa. Idan mota ta ci mil 4,500 daga ranar da aka goge lissafin, fitilar kan yi ƙyafta-ƙyafta na ɗan lokaci idan an kunna. A mil 5,000 sai ta tsaya cak. Mil fa, ba kilomita ba: mil 5,000 ya haura kilomita 8,000 da kaɗan.

Ga yadda ake goge ta a Camry ta 2007 zuwa 2011. A murɗa makulli fitilun dashbod su kama, a danna ɗan maɓallin mita har TRIP A ya fito, sannan a kashe. A danne maɓallin, a sake murɗa makulli ba tare da tada inji ba, a ci gaba da dannewa. Wasu 'yan layuka za su bayyana suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya har sifili ya cika allon. Shi ke nan. A wasu tsofaffin samfurin, ODO ake bari a allon maimakon TRIP A, don haka idan ɗaya ya ƙi sai a gwada ɗayan.

Peugeot 406 hoton sifana take nunawa: a danne maɓallin mita, a murɗa makulli, a jira ƙirgen ya sauko daga 10 zuwa 0. Honda Accord daga 2006 ta ɗan fi wayo, domin tana lissafa sauran ƙarfin mai daga yadda injin ya yi aiki, ta kunna sifana idan ya sauko kashi 15 cikin ɗari. A nan ana fito da lissafin man a allo, a danne maɓallin kamar daƙiƙa 10 har ya fara ƙyaftawa, a saki, a sake dannewa kamar daƙiƙa 5 ya koma 100.

Inda matsalar take shi ne sauƙin abin. Wanda zai sayar da mota yana iya goge fitilar ba tare da ya zuba ko cokali ɗaya na sabon mai ba, mai saye ya tafi da baƙin mai da ya riga ya mutu. Akwai kuma masu liƙa baƙin salatif a kan fitilar ko su cire ƙwan gaba ɗaya, wai tana damun ido. Wannan ba gyara ba ne. Wanda ya sayi mota hannu, gara ya yi juye nan take, ya goge lissafin da kansa.

Ko lissafin kamfanin ma ba don hanyoyin Ruma aka yi shi ba. Motar da ke shiga ƙauyuka a kan burji, ta sha ƙurar hunturu, ta ɗauko buhunan rogo da dankali har ta zauna, tana cikin abin da masu ƙera motoci ke kira aiki mai tsanani, kuma littattafansu kan ce a gajarta tazarar juye. Fitilar Toyota ba ta ganin ƙura, ba ta jin nauyin kaya. Direban da ke bin gefen dajin Rugu, inda matsalar tsaro ta sa ba wanda ke son mota ta mace masa da yamma, bai kamata ya jira ta ba. Zare sandar gwajin mai da safe da kakkaɓe iyakilina sun fi ta saurin ba da labari.

Kada kuma a haɗa ta da sauran fitilu. Ruwan ɗorawa mai hoton inji tana nufin kwamfutar mota ta ga matsala, kuma ita ce ke buƙatar na'urar da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari. Ja mai kama da buta tana ɗigar da mai kuwa, cewa take mai ba ya zagaya inji yadda ya kamata. Idan ta kama ana tafiya, a sami wuri a kashe mota nan da nan, domin 'yan mintoci sun isa injin ya buga, kuma babu maɓallin mita da ke kashe ta.