Inabin Ƙasar Sifen: Albarkar Da Ke Fitowa Daga Busasshiyar Ƙasa

Duk lokacin bikin aure ko na Kirsimeti, 'yan'uwanmu masu aiki a birni sukan dawo ƙauyukan Ajingi da Gaya da tsaraba. A cikin kayan ba a rasa kwalba ko kwalin ruwan inabi, sau da yawa kuma in ka duba jikinsa sai ka ga daga ƙasar Sifen ya fito. Yawancinmu a Littafi Mai Tsarki kaɗai muka san kurangar inabi, ba mu taɓa ganin ta a gona ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu leƙa wannan ƙasa, wadda Manzo Bulus ya yi niyyar zuwa, kamar yadda yake a Romawa sura 15.

Babu ƙasar da ta kai Sifen faɗin gonakin inabi a duniya, gama sun haura hekta 900,000. Amma wajen yawan ruwan inabi, Italiya da Faransa sukan sha gabanta. Babban dalili shi ne fari. A yankin La Mancha ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 400 ba, wato bai kai na daminar Kano ba. Saboda haka manomi yakan dasa kurangar nesa da juna, ya datse ta gajere, domin kowace ta sami rabonta na laima. 'Ya'yan ba su da yawa, amma zaƙinsu da ƙanshinsu sai wanda ya ɗanɗana.

A Jerez, can kudu, farar ƙasa ce mai alli, wadda take shanye ruwan sama ta riƙe wa saiwa har zafi ya wuce. A Rioja kuwa, wajen arewa, haƙuri ne jarinsu. Jan ruwan inabin da aka rubuta wa Crianza sai ya yi shekara 2 a ajiye kafin a sayar, Reserva shekara 3, Gran Reserva shekara 5, wani lokacin a gangar katako, saura a kwalba.

Su ma sun ga masifa. A 1878 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, wanda asalinsa daga Amurka ne, ya ɓulla a Malaga, ya bi gonaki yana kashewa. Abin da ya cece su shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro. Suka ɗaura reshen inabinsu a kan gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau haka ake dasawa.

To, 'yan'uwa, ga inda za mu yi hattara. Ba kowane ruwan inabi ne ɗaya ba. Wanda aka matse aka rufe bai tsima ba, shi ne mutanen Sifen suke kira mosto, ba ya bugarwa. Wanda ya tsima kuwa barasa ce, yawanci kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, na Jerez ma ya kan kai 15 ko fiye. Wannan ya fi burukutu ƙarfi nesa ba kusa ba. Kwalaben sun yi kama da juna, don haka kafin uwargida ta zuba wa yara ko baƙi, sai a sa mai karatu ya duba lambar da ke jiki.

Abin da ya fi jan hankalinmu dai shi ne noman. A Kudan, kusa da Zariya, manoma suna noman inabi, suna girbi da rani, ana kai wa kasuwannin birane ana ci ɗanye. Kurangar tana son rana da busasshiyar iska, tana bukatar ban-ruwa daidai gwargwado, da rumfar hawa, da datsa a kan kari. Rana da iska kam muna da su. Matasanmu da suke tafiya cin rani da zarar an gama girbin gero, da za su je Kudan su ga yadda ake yi, su nemi shawarar malaman gona, su gwada ko da gindi goma ne a bakin rijiya ko fadama, da mun san ko ƙasarmu za ta karɓa. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.