Kokowa: a filin ƙauye Takobin Ƙasa yake farawa

Duk wanda ya saba bin babbar hanya daga Maraɗi zuwa Damagaram ya san Cadawa, kafin a isa Agye. Galibi abin da fatake ke tuna garin da shi shi ne buhunan aya da wake da ake lodawa a manyan motoci. To amma da zarar gero ya shiga rumbu, akwai wata hajar da wannan yanki ke fitarwa wadda ba a aunawa da tiya, wato 'yan kokowa.

A nan kokowa ba ta da ofis, ba ta da kati. Ƙungiyar ita ce ƙauyen kansa. Samari su share fili, a kewaye shi, makaɗa su ɗauki ganga, ƙauye ya gayyaci ƙauye. Ina yaro na ga yadda ake yi: ɗan kokowa ya fito ɗaure da layu da guraye, ya yi kirari, ya zaga fili, iyaye mata na rangaɗa guɗa. Wanda ya yi kaye, sai kari ya fara zuba. Mai tebur ya ba da dala ashirin, mai ƙosai ta kwance bakin zane, wani Alhaji ya yi alkawarin turmin atamfa. Ba kuɗin kirki ba ne, amma da su ake sayen fura da nama a gina jiki. Su wa suka riƙe kokowa tun kafin gwamnati ta san da ita? Ku ne, 'yan kasuwa.

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka shirya gasar ƙasa ta farko a garin Tawa. Wanda ya ɗauki takobin farko kuwa ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango, wanda duniya ta fi sani da Kantu. Shi ya sa babban filin kokowa na Maraɗi yake ɗauke da sunansa. Bayansa jihar ta sake fitar da sarakunan kokowa irin su Labo Maikafo da Umaru Ali Bindigau. Tsarin kuwa a fili yake: ana tankaɗe da rairaya daga ƙananan hukumomi irin su Cadawa, Gazawa da Gidan Runji, har a fitar da mutum 10 da za su wakilci jiha. Jihohi 8, 'yan kokowa 80, takobi ɗaya.

Sai dai a faɗi gaskiya, rabon Maraɗi da takobi an kwana biyu. A ƙarshen shekarar 2023 a Agadas, Aibo Hasan ya kai mu har wasan ƙarshe, amma Isaka Isaka na Doso ya kayar da shi, ya ɗauki takobinsa na 6. A ranar, mu da ke aikin rediyo mun sha kiran waya. Wasu na zargin alƙalan wasa, wasu na cewa asirin Doso ya fi namu ƙarfi. Kowa da abin da ya gani.

Ni dai a nawa ganin, matsalar ba a Agadas take ba, a gida take. Saurayin da a da zai kwashe rani yana zaga ƙauyuka yana gwada ƙwanji, yau ana gama girbi ya ɗauki jaka ya nufi Kano, ko Libiya, ko wuraren haƙar zinariya da suka buɗe a arewacin Agadas tun 2014. Ba za a ga laifinsa ba, kirari ba ya cika tukunya. Waɗanda suka rage kuwa, hankalinsu na wurin ƙwallon Turai a gidan kallo. In filin ƙauye ya yi shekara uku ba a kaɗa ganga ba, daga ina jiha za ta samo mutum goman nan?

A ƙasar Ailan akwai wani wasan gargajiya na sanda da ƙwallo. Ƙungiyar da ke kula da shi an kafa ta tun 1884, 'yan wasan ba su karɓar albashi, kowa garinsu yake bugawa, amma ranar wasan ƙarshe mutane fiye da dubu 80 ke cika fili a babban birninsu. Ƙungiyoyin ƙananan garuruwa kuwa da gudummawar mutanen gari da masu shaguna suke tafiya, kamar dai yadda iyayenmu suka yi.

Mun ga yadda manyan attajirai ke rige-rigen ba da mota da kujerar Makka ranar da aka ɗaga takobi, gaban kyamarar talabijin. Madalla, Allah ya saka. Amma rago ɗaya da buhun gero biyu sun isa a shirya gasar kwana uku tsakanin ƙauyukan Cadawa. 'Yan aya su kawo rago, matan kasuwa su haɗa adashin gero, magajin gari ya ba da fili da masu tsaro. Lokacin da ya dace shi ne watan Nuwamba, bayan an gama ɗaurin dami, kafin samari su hau mota.