Ko Kun Sani? Sarauniyar Da Ta Yi Tallar Man Shafawa

A lefen amaryar Kirikasamma ko ta Haɗejiya, da wuya a rasa hoda da jan-baki kusa da kwalli da lalle. Kwalli da lalle ba su taɓa bukatar mai talla ba, a wurin uwa ɗiya ke koyonsu. Hodar kanti kuwa talla ce ta raine ta.

A 1924 kamfanin Pond's na Amurka, mai yin man shafawa, ya ga kasuwarsa na ja da baya, sai kamfanin talla na J. Walter Thompson ya kawo dabara: a nemo manyan mata, a buga hotonsu da sunansu suna yabon kayan. Har Sarauniya Marie ta ƙasar Romaniya sai da ta shiga sahu, kasuwa kuma ta farfaɗo. Wannan dabarar ce ake yi yau da taurarin Kannywood a Instagram.

A 1935 kamfanin Coty ya fitar da hodar Airspun, yana tallar cewa da iska mai ƙarfi ake tankaɗe ta don ta yi laushi. Har yanzu ana sayar da ita.